Ƙwallon boling mai tabon masana'anta: a saya ko a haƙura?

Wasiƙun da suka shigo a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: ƙwallayen wasan boling da masana'anta ke warewa gefe saboda wani tabo, ta sayar da su da rangwame. Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo mai nauyi ake gangarawa a kan wani dogon layi mai santsi, tsawon ƙafa 60, don a kayar da kwalaben katako goma da aka jera a ƙarshensa. Na taƙaita wasiƙun, na kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara boling ba, har yanzu da ƙwallayen gidan wasa nake jifa, kuma ina so in mallaki tawa. Na ga wata a intanet an rubuta mata X-Out, kuɗinta bai kai na sauran irinta ba ko kusa. Mai sayarwa ya ce launinta ne kawai bai fito yadda ake so ba. Abokina ya ce in rabu da ita, araha ba ta ado. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan da gaske launi ne kaɗai matsalarta, saya, kada ka yi wata-wata. Amma bari in faɗa maka dalili, don ka iya kare kanka a gaban abokin naka, ka kuma san abin da za ka tambayi mai sayarwa.

Ƙwallon boling ta zamani kamar ƙwai take: ɓawo a waje, abin cike a tsakani, sannan can ciki akwai ƙwaya mai nauyi da aka ƙera da wata siffa ta musamman. Ƙwayar ce ke tsara yadda ƙwallon za ta riƙa juyawa, ɓawon kuma shi ke taɓa layi. Wajen ƙera ta, ana kafa ƙwayar a tsakiyar wani mazubi, a kwararo ruwan rezin, wani nau'in roba da ke daskarewa ya yi tauri, mai launi biyu ko uku a lokaci guda, su cakuɗe yadda suka ga dama, su daskare. Babu ma'aikacin da ke da iko a kan inda ja zai tsaya da inda shuɗi zai bi. Shi ya sa ko a cikin masu daraja ta ɗaya ba za ka sami biyu da zanensu ya zo iri ɗaya sak ba. Wani lokaci launi guda ya rinjayi sauran, ko ya taru a gefe ɗaya ya yi dabbare-dabbare, ko ya fito a dushe. Wani lokacin kuma injin da ke zana tambarin kamfani ne zai karkace, ko fentin da ake cike rubutun da shi ya ƙi zama. Mai duba kaya ya ga wannan ba za ta ja hankalin mai saye ba, sai a buga mata alama, sau da yawa harafin X kusa da lambarta, a rage mata kuɗi. Ƙwayarta irin ta sauran ce, ɓawonta ma haka, a mazubi ɗaya aka zuba su.

Shi kuwa layi ba ya ganin launi. Ana shafa masa mai ne daga farkonsa har wajen ƙafa 40, sauran a bar shi a bushe. Ƙwallo tana sulɓi a kan man, idan ta fita daga cikinsa ta taka busasshen wuri sai ta kama, ta lanƙwasa ta nufi tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku, in mai jifan na dama ne. Hukumar boling ta Amurka, USBC, ta yi dogon bincike a kan abubuwan da suka fi tasiri a wannan tafiya, ta fitar da sakamakonsa a 2008. Abin da ya zo kan gaba shi ne kaushin fatar ƙwallon, wato ƙananan tudu da kwari da ido ba ya gani, da yadda take kama layi a cikin mai da a busasshe, da yadda ɓawon ke shan mai. Lissafin ƙwaya ya biyo bayan waɗannan. Launi ba ya cikin zancen. Kaushin nan kuma abu ne da za a riƙa sauya maka shi da sanfefa, lamba 500, 1000, 2000 har 4000, ko da man gogewa, gwargwadon layin da kake wasa a kai. Bayan 'yan wasanni ma gyaran da aka yi wa fatar a masana'anta zai fara gogewa, ta soma ɗaukar ƙarce daga kwalabe da injin da ke dawo da ita. Wadda aka saya da cikakken kuɗi ma haka za ta koma.

Sai dai masu sayarwa kan tara abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya, a nan ne ya kamata ka buɗe ido. Nemi hoton ita kanta ƙwallon da za a aiko maka, ba hoton talla ba, a kuma nuna maka tabon daga kusa. Wani tabon ba na launi ba ne, ɗan rami ne da kumfar iska ta bari lokacin da rezin ke daskarewa, aka cike shi aka goge. Idan ta zo hannunka, bi wurin da farce. In farcenka ya wuce sumul, babu komai. In ya maƙale, to sai a duba a ina ramin zai faɗa bayan an huda mata ramukan yatsu.

Ga abin da nake nufi. Ran da ka sake zuwa wasa, idan ka jefa ƙwallo ta dawo, ɗaga ta ka duba kafin ka goge. Za ka ga siraran zobba na mai sun kewaye ta. Nan ne take birgima a kai, kuma iyakar abin da ke taɓa layi ke nan, mafi yawan jikinta ba ya sauka ƙasa ko kaɗan. Mai huda ƙwallo da ya san aikinsa zai juya ta yadda tabon zai faɗa nesa da zobban, wani lokaci ma ya sa ramin yatsa ya sauka daidai kansa ya cinye shi. Abin da ba zan yarda ka karɓa ba ko da kyauta ne shi ne tsaga, komai siranta. Tsaga ba ta tsayawa inda ta fara.

Akwai wuri ɗaya da cakuɗar launi kan ɗan taɓa tafiyar ƙwallo, gara in ambata shi. Wani ɓawon ana sa masa garin ƙyalli, irinsa ya fi yin nisa yana sulɓi kafin ya kama. Wani ba a sa masa, shi kuma ya fi kamawa da wuri. Akwai na uku da ake haɗa biyun a ƙwallo ɗaya, launi guda mai ƙyalli, ɗayan marar ƙyalli. A irin wannan, idan ɗaya ya mamaye ɗaya sosai, halinta zai ɗan karkata wajensa. Bambancin ƙarami ne, sabon ɗan wasa ba zai ji shi a hannunsa ba, kuma sanfefa na daidaita shi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni na ɗan jima ina wasa, da hannun dama nake jifa, ƙwallona tana lanƙwasa daidai gwargwado. An yi mini tayin wata mai alamar Pro Pin. Na duba hotunanta, babu tabo ko ɗaya, launinta ras. A jikin kwalinta an rubuta tazarar fin inci 5 da rabi, nauyin sama oza 4 da rabi. To mene ne aibinta, tun da ido bai ga komai ba?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Wannan ce tambayar da nake so kowa ya tsaya ya karanta amsarta, domin irin taka ce ke buƙatar tunani, ba mai dabbaren launi ba.

Lokacin da ake zuba ɓawo, wani siririn ƙarfe ne ke riƙe da ƙwayar a cikin mazubi. Idan an zare shi sai a cike gurbinsa da wani abu mai launi dabam. Ɗigon nan da kake gani a jikin kowace ƙwallo shi ne 'yan wasa ke kira fin, kuma shi ke nuna inda kan ƙwayar yake. Akwai alama ta biyu, wadda ake rubutawa CG a jikin kwali, ita ce ke nuna ɓangaren da nauyin ƙwallon ya fi rinjaya. Ƙwaya ba ta taɓa zama a tsakiya cif-cif. Da ta ɗan gusa ko ta ɗan karkata yayin da rezin ke daskarewa, ko da gusawar ba ta taka kara ta karya ba, sai alamar CG ta matsa da inci-inci a bayan ƙwallon. A yawancin masu daraja ta ɗaya, tazarar alamun biyu tana tsakanin inci 2 da 4. Kowane kamfani da iyakar da ya sa wa kansa, amma da ta haura wajen inci 5 sai a ware ta a sa mata irin sunan da ka gani. Shi kuma nauyin sama, wato rinjayen nauyin da ɓangaren CG ke da shi a kan ɗaya ɓangaren, da gangan ake barinsa don ya maye gurbin abin da za a ƙwaƙule wajen huda ramukan yatsu. Galibi yakan zo oza 2 zuwa 3 ko sama da haka kaɗan, oza ɗaya kuwa wajen giram 28 ce. Taka ta zarce a duka biyun.

Shin wannan zai sa ta tafi a karkace, ko ta riƙa rawa a kan layi? A'a. Wannan ɗan rinjayen nauyi tasirinsa a tafiyar ƙwallo kaɗan ne ƙwarai. Abin da yake yi shi ne ɗaure hannun mai hudawa.

Ka san kafin a huda maka ƙwallo, sai an kalli jifanka an gano wurin da ke tsayawa cik a jikinta lokacin da ta bar hannunka tana juyawa. Daga wannan wuri ake auna inda za a ajiye fin. A sa shi wajen inci 3 da ɗan ɗori daga nan, zobban mai za su buɗe sosai, ƙwallon ta riƙa taka layi da sabuwar fata a kowane juyi. A matsar da shi nesa, ta yi nisa kafin ta lanƙwasa. Mai hudawa fin yake bi, ita kuwa alamar CG duk inda ta faɗa ta faɗa. Idan tazararsu ta yi tsawo, tana iya faɗawa can nesa da tsakiyar riƙonka, ta ja nauyin saman nan zuwa gefe. Bayan an gama huda sai a ɗora ƙwallon a sikeli, kuma akwai iyakar da doka ta sa.

Dokar ta sauya daga yadda take a da, shi ya sa za ka ji tsofaffin 'yan wasa suna tsoron irin wannan ƙwallo fiye da yadda ya kamata. A da, ƙwallon da ta wuce laba 10 ba a yarda bambancin nauyin gefenta na dama da na hagu ya wuce oza 1 ba, haka ma tsakanin ɓangaren yatsu da na babban yatsa. Idan ya wuce sai a huda wani ƙarin rami a gefe don a rage. A 2018 USBC ta sanar da sabon tsari: an ɗaga iyakar zuwa oza 3 ta kowace fuska, sannan daga 1 ga Agustan 2020 aka haramta wannan ƙarin ramin baki ɗaya, duk ramin da ke jikin ƙwallo dole yatsa ya shiga cikinsa a kowane jifa. Wannan ya buɗe wa masu dogon fin ƙofa, wato masu doguwar tazara tsakanin fin da CG, yawancinsu yanzu ana huda su ba tare da wahala ba. Amma ya kuma rufe ƙofar gyara. Idan nauyin ya zarce oza 3, abin da ya rage wa mai hudawa shi ne ya zurfafa ramukan yatsu ko ya sauya tsarin da kake so. Da oza 4 da rabi a sama da fin mai wannan tsawo, kana kusa da bakin iyaka.

Don haka kada ka biya tukuna. Ɗauki lambobin nan biyu da hoton da ke nuna alamun, ka kai wa wanda zai huda maka, ka ce masa ga yadda nake so ta riƙa tafiya, za ta yiwu da wannan? Cikin 'yan mintoci zai ba ka amsa. Dogon fin yakan dace da mai son a ajiye ɗigon can sama da yatsu, CG kuma ta zauna kusa da tafin hannu. In irin tsarinka ke nan, ka tsinci dami a kala. In kuwa kai mai son fin a ƙasan yatsu ne, wannan ba taka ba ce, ka bar wa mai ita.

Abu biyu kuma ga sauran masu karatu. Ƙwallayen da ƙwayarsu ba ta da siffa iri ɗaya ta kowane gefe suna da alama ta uku, inci 6 da kashi uku cikin huɗu daga fin. Abin da ake so shi ne CG ta faɗa kusa da layin da ya haɗa fin da wannan alama. Idan ta kauce da yawa sai a rubuta Pro CG. Wadda ta kauce ta wani gefen takan fi yi wa na dama sauƙin hudawa, ta ɗaya gefen kuma ta fi dacewa da bahago, saboda haka a nemi hoton da ya nuna alamun uku tare. Sannan masu jifa da hannu biyu, irin salon da Jason Belmonte na Ostireliya ya yi fice da shi, ba sa huda ramin babban yatsa. Abin da ake ƙwaƙulewa daga ƙwallonsu kaɗan ne, nauyin sama yana nan kusan yadda ya zo. Su kam su guji mai nauyin sama da yawa.

Ra'ayina a taƙaice: irin wannan ƙwallo ta wanda ya san jifansa ce, yake kuma da mai hudawa da ya amince da shi. Wanda zai sayi ta farko a rayuwarsa ya nemi mai tabon launi wadda lambobinta suke daidai.

Tambaya: Malam, idan na sayi mai X, za a bar ni in shiga gasa da ita kuwa?

Amsa: Za a bar ka, muddin samfurin yana cikin jerin waɗanda USBC ta amince da su, kuma ta cika ƙa'ida bayan an huda ta. Jerin yana shafin hukumar a intanet, gasanni da yawa a wajen Amurka ma da shi suke aiki, amma ka tambayi masu shirya taka gasar. Ƙa'idojin ba su ce komai a kan kyan launi ba. Abin da suka ce shi ne nauyi kada ya wuce laba 16, wato kilo 7.26, faɗinta ya kasance tsakanin inci 8.500 da 8.595, sannan sunan kamfani da sunan ƙwallon da lambarta su kasance a jikinta. Tambari ya karkace ba laifi ba ne. Amma idan ka ga babu lamba, ko an sa mata wani suna da ba ka same shi a jerin ba, ka dakata.

Ka lura da wani abu. Ƙwallayen da aka taɓa hanawa shiga gasa ba masu tabo ba ne. A watan Maris na 2016 USBC ta janye amincewarta daga Jackal da Jackal Carnage na kamfanin Motiv, saboda ma'aunin ƙwayarsu ya haura iyakar inci 0.060 da aka sa. A Maris na 2022 kuma ta janye daga Spectre ta kamfanin Storm, saboda taurin ɓawonta bai kai maki 73 da ake buƙata ba. Duka masu daraja ta ɗaya ne, an saye su da cikakken kuɗi, kuma babu idon da zai kalle su ya gane akwai matsala sai na'urar awo.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗana mai shekara 13 ya ƙwallafa rai a kan boling, kullum maganarsa ke nan. Ina so in saya masa tasa, na ga masu rangwamen nan sun fi daidai da aljihuna. Amma an ce mini suna saurin tsagewa, kuma ba su da garanti. Gaskiya ne? Ba na so in saya masa abin da zai sa shi kuka bayan wata biyu.

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Magana biyu aka haɗa miki, ta biyun ce ke da ƙamshin gaskiya.

Launin da ya taru a gefe ko rubutun da ya karkace ba sa tsaga ƙwallo. Abin da ke tsaga ta sananne ne, kuma bai bar masu daraja ta ɗaya ba. Babba a ciki shi ne zafi da sanyi. Ƙwaya da abin cike da ɓawo ba abu ɗaya ba ne, kowanne da yadda yake buɗewa idan ya ji zafi da yadda yake tsukewa idan ya ji sanyi. A bar ƙwallo ta wuni a but ɗin mota cikin rana, da dare ta huce, gobe a sake, wata rana sai a buɗe jaka a tarar ta dare gida biyu. Sai kuma huda marar kyau: ramukan yatsu biyu da aka matse su har abin da ke tsakaninsu bai kai kwatan inci ba, ko ramin da aka huda dab da ɗigon fin, ko bakin ramin da aka bari da kaifi ba a goge shi ba. Daga irin waɗannan wurare tsaga ke farawa. Ajiye ta wata da watanni a wuri ɗaya ba a juya ta ba ma yana jawowa. Ki koya masa ya ajiye ta a cikin ɗaki, a kan ɗan zoben da ake ɗora ta, ya riƙa juya ta idan ya kwana biyu bai yi wasa ba.

Batun garanti kuwa, ki tambaya a rubuce kafin ki biya. Sabuwar ƙwallo mai daraja ta ɗaya galibi tana zuwa da garantin shekara guda, wasu kamfanonin su ba da fiye. Masu alamar X kuwa, wasu an rage musu, wasu babu ko kaɗan. Ke nan wani ɓangare na rangwamen da aka yi miki, kuɗin kasadar da kika ɗauka ne. In ta tsage, asararki ce. Saboda haka ki yi lissafi da kyau. Kuɗin huda ba ya raguwa don ƙwallo mai tabo ce, kuɗin aiko da kaya mai wannan nauyi ma haka. Haɗa su duka, sannan ki gwada da wani zaɓi da mutane ke mantawa da shi: samfurin bara ko na bara waccan da kamfani ya daina yi, masu shago suna neman rabuwa da shi. Lafiyayye ne, garantinsa cikakke, kuma sau da yawa an karya kuɗinsa. Idan tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, ɗauki mai garanti. Idan tana da yawa, ɗauki mai tabo hankalinki kwance.

Ga yaro mai shekarunsa ma ni na fi karkata ga mai tabon. Hannunsa yana girma, ƙarfinsa yana ƙaruwa, nan da shekara ɗaya ko biyu zai buƙaci a sake masa ramuka ko a ƙara masa nauyi. Ma'aunin da masu koyarwa kan fara da shi shi ne kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikin ɗan wasa, amma a bar shi ya ɗaga ya jefa a gani. Ki kuma sani cewa ƙwallaye marasa nauyi, musamman daga laba 12 zuwa ƙasa, sau da yawa ba a sa musu ƙwayar nan da ake tallatawa a jikin kwali, wata mai sauƙi ake sawa. Babu dalilin biyan kuɗin babban samfuri a wannan nauyi.

Abin da zai sa shi murna ko kuka shi ne yadda ramukan suka zauna masa. Ki kai shi da kansa a auna tafin hannunsa da yatsunsa. Ramin babban yatsa da ya yi faɗi zai sa ya riƙa damƙe ƙwallon, wanda ya matse kuma ya saɓule masa fata. Kafin a sa mata injin huda, ku juya ta a ƙarƙashin fitila ku duba ko'ina, domin da an huda ta babu mai karɓar ta kuma. Ki nuna masa hotonta tun kafin ki saya. Yara suna da ido a kan launi, kuma haƙƙinsa ne ya so abin da zai riƙe.

Tambaya: Malam, wanne ya fi: sabuwa mai tabo, ko ta hannu mai daraja ta ɗaya da wani ya yi amfani da ita? Kuɗinsu kusan ɗaya ne.

Amsa: Sabuwa mai tabo, sai fa in ka san mai ta hannun, ka kuma san iya wasan da ya yi da ita. Ɓawon rezin, wanda ya shigo wasan a farkon shekarun 1990, yana da ƙananan kafofi da ke tsotse man layi, wannan ne sirrin lanƙwasarsa. Da tafiya ta yi tafiya kafofin sukan cika, ƙwallon ta rage kamawa, ko da a ido tana sheƙi kamar jiya aka saye ta. Ana iya fitar da man da ɗumi a kuma sake goge fatar, ta farfaɗo sosai, amma aiki ne na kuɗi. Ga shi kuma an riga an huda ta daidai hannun wani. Sai an toshe ramukan da rezin, a jira ya bushe, a goge, sannan a huda naka, shi ma wani kuɗin ne. Dokar gasa ta yarda da toshi, sai dai kowane toshi yana ɗan sauya lissafin ƙwayar, kuma bakinsa wuri ne da kan ɓantare daga baya. Sabuwar kuwa ba ta sha mai ba, ba a taɓa ƙwayarta ba, mai hudawa zai tsara ta a kan jifanka tun daga farko.

In kuwa ƙwallon filastik kake nema, wadda ake jefawa a miƙe don kwashe kwalba ɗaya ko biyu da suka rage a gefe, lissafin ya fi sauƙi. Ba ta shan mai, ba a so ma ta lanƙwasa, kuma abin da ke cikinta ɗan faifan nauyi ne kawai. A nan kowacce ka samu da sauƙin kuɗi ta yi, sabuwa mai tabo ko ta hannu. Ka dai duba bakin ramuka da tsakanin yatsu biyu ko akwai tsaga, domin filastik ya fi rezin saurin ɓantarewa a wuraren nan.